Zan zo Jos hutu, zan iya bin masu gudun safe a kan tudu kuma in zaga gari duk a yini ɗaya?

Wani ƙanenmu daga Kano ya turo min tambaya, yace shi yana jogin sau uku a sati, kilomita 10 cikin kamar awa ɗaya, to yanzu zai zo Jos hutun ƙarshen shekara da iyalinsa kuma yini ɗaya tak ya ware, yana so da safe ya bi 'yan gurup ɗin da suke fita gudu wajen duwatsu, da rana kuma ya kai madam da yara gidan tarihi, gandun namun daji, dutsen Riyom da ruwan Assop. Yace shin jikinsa zai ɗauka, kuma yaya zai tsara ranar.

To ƙanina, da farko Allah ya kawo ku lafiya. Amsar a taƙaice eh zai yiwu, amma da sharaɗi biyu: ka bar saurin da ka saba da shi a Kano can a Kano, sannan ka rage wuraren da ka lissafo, dan wallahi huɗun nan bazasu shiga yini ɗaya ba bayan ka yi gudun tudu, sai dai in wahalar da kanka da yaran nan kake so ka yi.

Bari in fara da abinda mutane suka fi tsoro, wato tsayin garin. Kano tana kan kusan mita 480 ne daga doron teku, Jos kuma tana wajen mita 1,200, kaga ka hau sama da mita 700 tun kafin ka ɗaura takalmi. Iskar Jos bata kai ta Kano kauri ba, kowane numfashi da ka ja iskar oksijin ɗin da ke ciki ta ragu da kamar kashi 8 cikin 100 in an kwatanta da gida. In kana zaune ko kana tafiya bazaka ji komai ba sam, sai ka fara gudu ne zaka ga haki ya zo maka da wuri kuma zuciya tana bugawa da ɗan sauri a kan abinda ka sani. Wannan ba ciwo bane. Ciwon hawa sama da ake faɗa, mai ciwon kai da amai, yawanci sai an wuce mita 2,500 yake fara kama mutane, kuma ko Iten ta Kenya inda manyan 'yan gudun duniya suke atisaye mita 2,400 ce, ninki biyu na Jos kenan. Dan haka kar wani ya tsorata ka da wannan. Amma kuma kar ka raina shi, ai ba banza ba tun da aka fara gudun fanfalaki na Legas a 2016, duk da 'yan Kenya da Habasha ne ke lashe na gaba ɗaya, in ka duba 'yan Najeriya da suke fara isowa zaka samu yawancinsu yaran Filato ne, 'yan Pankshin da Jos da kewaye. A nan suka tashi, tudu suke hawa zuwa makaranta da gona tun suna ƙanana. Irinsu zaka iya tararwa a gaban gurup ɗin nan ranar, to ina roƙonka kar ka ce zaka bi ƙafarsu.

Abinda zai gwada ka da gaske shine tudun kansa, dan a Kano in ka cire Dala da Goron Dutse babu inda ƙafarka ta saba da hawa. Lissafin da masu gudun duwatsu ke yi shine duk mita 100 na hawa ka ɗauke shi kamar ka ƙara kusan kilomita ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Kenan in aka ce yau kilomita 7 za a yi kuma hanyar tana da hawa mita 250, to a jikinka kusan kilomita 9 zuwa 10 ce, ga ƙarancin iska a kai. Wannan dai-dai ƙarfinka ne, kar ka wuce haka. In sun raba mutane kashi biyu, masu doguwa da masu gajeriya, ka shiga masu gajeriya ba tare da jin nauyin kowa ba, kuma ka gaya wa wanda ke jan gurup ɗin tun farko cewa kai baƙo ne daga Kano, yawanci akan bar mutum ɗaya a baya yana tattara waɗanda suka gaji, shi ya kamata ya san fuskarka.

Yadda ake hawa kuwa, in ka taɓa ganin tirela da kaya tana hawan Hawan Kibo, tudun nan na hanyar Akwanga zuwa Jos, to ka gama fahimta, direba baya danna mata wuta a babbar giya, saukowa yake yi ƙaramar giya inji yana juyawa da sauri mota tana tafiya a hankali amma bata tsayawa. Haka zaka yi da ƙafarka. Ka rage faɗin taku sosai, ƙanana ƙanana masu yawa, ka ɗan karkata gaba tun daga idon sawu ba wai ka lanƙwashe ƙugu kana kallon takalminka ba, dan in ka duƙa ka matse ƙirjinka numfashi bazai shiga yadda ya kamata ba. Idonka ya riƙa kallon kamar taku goma a gabanka, hannu ya yi aiki, gwiwar hannu tana komawa baya. Agogon nan da kake dubawa kana cewa minti 6 a kilomita, ranar ka manta da shi kwata-kwata, zaka iya ganin minti 8 ko 9 a wajen hawa kuma babu laifi. Ma'auninka shine magana: in zaka iya ce wa na kusa da kai "sannu da ƙoƙari, saura nawa mu kai sama" a numfashi ɗaya ko biyu to kana dai-dai, in kuwa kalma ɗaya ma ta gagara, ka koma tafiya. Tafiya da sauri a wuri mai tsauri ba gazawa bace, a gasar duwatsu na duniya ma ƙwararru suna dafa cinya da hannu su taka in hawan ya miƙe, saboda a irin wurin gudu baya ƙara maka sauri sai dai ya ƙona maka ƙarfi.

Yanzu ga inda nake so ka fi natsuwa ka ji, gangara. Kusan duk baƙon da na gani ya ji jiki a nan ba hawa ne ya kayar da shi ba, saukowa ne. In mutum ya kai sama haki ya lafa, sai ya ji daɗi ya saki jiki yana jefa ƙafa can gaba yana dira da dunduniya, to kowace dira naman gaban cinya ne yake taka birki, yana miƙewa alhali yana ɗauke da nauyin jikinka ninki-ninki, kuma irin wannan aikin shi ne yake yi wa tsoka 'yan ƙananan yagewa. A lokacin bazaka ji ba. Da yamma zaka fara jin cinya ta yi nauyi, tsamin jikin na gaske kuma sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake kai ƙarshe, lokacin da sauka daga bene ko zaman tahiya zai zama aiki, kuma kai a lokacin kana kan sitiyari zaka koma Kano. Maganinsa tun a kan hanyar ne: taku gajere a gangara ma, ƙafa ta riƙa sauka ƙarƙashin jikinka, gwiwa a ɗan lanƙwashe kar ta sandare, kar ka jingina baya kamar mai tsoron faɗuwa, ka ɗan buɗe hannu dan daidaita jiki. In hanyar burji ce mai tsakuwa ka ƙara kula, tsakuwar Jos a lokacin rani tana mirginawa ƙarƙashin takalmi, targaɗen idon sawu a nan yake samuwa. In da sauran sati biyu ko uku kafin tafiyar, ka je Dala ko wani bene mai hawa da yawa sau ɗaya a sati ka hau ka sauko a hankali, ko sau biyu ka samu ka yi cinyar zata fara sabawa, tsamin da zaka ji a Jos zai ragu sosai.

Takalmi kar ka sayo sabo dan wannan tafiyar, wanda ƙafarka ta sani zaka sa, in dai ƙasansa bai suɗe ba. Ka yanke farce kwana biyu kafin ranar, ka ɗaure igiya da kyau ta sama, in ba haka ba a gangara yatsu zasu yi ta dukan bakin takalmi ka dawo da baƙin farce.

Sai sanyi. Ku ma kuna da hunturu a Kano na sani, amma na Jos a Disamba da Janairu da asuba yana sauka wajen digiri 11 ko ƙasa da haka, ga iska a kan tudu da take shiga har ƙashi. Ka sa riga mai dogon hannu mara nauyi da zaka iya cirewa ka ɗaura a ƙugu, hula mai rufe kunne, safar hannu in kana da ita, ka shafa man kaɗe ko basilin a leɓe da hanci. Babbar suwaita ka barta a mota dan bayan an gama, wannan lokacin ne sanyi ke kama mutum, jiki jiƙe da zufa an tsaya ana hira ana ɗaukar hoto. Minti goman farko ka yi su a hankali ƙwarai, tsoka mai sanyi bata son a fizge ta. Kuma ka sha ruwa ko baka ji ƙishi ba, iskar hunturu busasshiya ce tana kwashe ruwan jiki ta numfashi mutum bai sani ba, ƙaramar gora a hannu da dabino uku huɗu a aljihu sun isa. Kafin fita kar ka cika ciki, shayi da ɗan biredi ko ayaba ɗaya bayan sallar asuba.

Magana ɗaya da bana wasa da ita: in kana da hawan jini da ba a daidaita ba, ko asma da hazo ke tayarwa, ko ka taɓa jin ciwon ƙirji wajen motsa jiki, ka ga likita kafin ka zo. In kuma akwai mai sikila a cikin iyalin, a kula da shi sosai, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, a lulluɓe shi da kyau, ya yi ta shan ruwa, kar a ja shi hawan dutse. Kai ma in kana cikin gudu ka ji jiri ko ƙirji ya matse ko ido yana duhu, ka tsaya nan take ka faɗa wa na kusa.

Game da inda za a yi gudun, yawanci masu fita safiyar Asabar ko ranar hutu suna haɗuwa ne wajen ƙarfe 6, gari kuma a Disamba baya wayewa sosai sai wajen 6 da rabi. Wanda zai sauke ka shi zai fi sanin gurup na kusa da unguwarsa, kusan duk ta WhatsApp suke sanar da wurin haɗuwa. Amma ka tambaya da kyau, gudu ne a kan hanyoyin gefen Lamingo da gindin duwatsu, ko kuwa hawan Shere ne har ƙololuwa, dan abu biyu ne daban. Duwatsun Shere suna gabas da gari kamar kilomita 10, mafi tsayinsu ya kai kusan mita 1,829, a can ne ma makarantar horar da matasa ta 'yan Man O' War take. Zuwa saman can ba gudu bane, wani wurin da hannu da ƙafa ake hawa a kan falalen dutse, yana cin awanni, kuma in ka yi shi to ranar ta ƙare, babu wani gidan tarihi da zaka iya zuwa. Ka ajiye shi sai wani zuwan. Sannan wuraren nan ba dajin Allah bane, ƙasar mutane ce, akwai ƙauyukan ƙabilar Afizere da gonakinsu, in kun ratsa a gaida mutane, kar a tattake shuka, kar a ɗauki mutum hoto ba a tambaye shi ba, leda da gorar ruwa kowa ya dawo da tasa. Kar ka ware daga jama'a ko ka ce zaka yanke ta wata hanya, netwok yana ɗaukewa a tsakanin duwatsu kuma duk kama suke wa baƙo. Jos gari ne mai daɗin zama da karɓar baƙi amma kowa ya san ya sha rikici a baya, dan haka ka bi maganar mai masaukinka kan inda za a je da lokacin dawowa, shi yake kwana yake tashi a garin.

In komai ya tafi dai-dai ƙarfe 8 kun gama. Ka koma masauki ka yi wanka da ruwan ɗumi, ka ci abinci na gaske, masa da miya ko dankalin turawa da ƙwai, ai ka zo gidan dankali, daga Bokkos da Mangu ake lodinsa zuwa ko'ina a ƙasar nan. Ka miƙe ƙafa awa ɗaya. Wannan hutun kar ka tsallake shi dan ɗokin fita.

Wajen 11 sai ku nufi gidan tarihi, kuma in shawarata zaka bi nan zaku fi daɗewa. An buɗe shi a 1952, wani Bature Bernard Fagg ne ya kafa shi, kuma asalinsa yana haɗe da haƙar kuza wadda ita ce ta gina Jos ɗin kanta tun farkon shekarun 1900. Masu haƙar kuza ne suka fara tono gunkin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna a 1928, sai a 1943 aka kawo wa Fagg wani kan mutum na yumɓu daga wajen Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye da shi, shi kuma ya lura aikin hannun iri ɗaya ne da na Nok. Abubuwan nan sun haura shekara 2,000, kuma mutanen da suka yi su suna cikin na farko-farko da aka sani suna narka ƙarfe a wannan yanki na Afirka. Ka tsaya ka nuna wa yaran idanun gumakan, masu kusurwa uku da huda a tsakiya, da irin kitso da ado da ke kansu, su san cewa tun wancan zamanin akwai gwanaye a ƙasar nan. Akwai kuma ɗakin tukwane da aka tara daga sassan Najeriya, da tsoffin kawunan jirgin ƙasa na siririn layin dogon da ya taso daga Zariya ya iso Jos a 1914 dan kwasar kuza, aka rufe shi a 1957.

Amma kai Bakano abinda zai fi taɓa ka yana ɗan gaba kaɗan a cikin harabar, wajen gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwafin ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa, da girmansu. Masallacin na asali Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830, in ka shiga ka ɗaga kai ka ga yadda aka ɗaure bakan gizo da azara da ƙasa kawai babu siminti babu rodi, zaka jinjina wa maginan da. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, ruwan Jos kuma ya fi na Kano yawa nesa ba kusa ba, shi yasa zaka ga wasu sassan sun ji jiki, abin yana damuna gaskiya, kuma yana cikin dalilin da yasa nake matsa wa mutane su je su gani su kai yaransu. Wurin duk tafiyar ƙafa ce a hankali, wadda ita ce dai-dai abinda cinyarka ke buƙata bayan gudun safe, ta fi zaman mota amfani.

Daga nan ku yi azahar, ku ci abinci a cikin gari, in kun samu gwaten acca ku gwada. Da la'asar sai ka zaɓi ɗaya. Tunda da yara ni gandun namun daji zan ce, wanda ke hanyar Miyango, an kafa shi a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk, fili ne babba kusan murabba'in kilomita 8 da itatuwa da inuwa, sai dai akwai tafiya a ciki da ɗan hawa, ka shiga da mota iya inda aka yarda. In kuma ƙafa ta ce ta gaji, ku je Rayfield ku zauna bakin ruwa. Sai dai ka riƙe hannun yaran nan da kyau, tafkunan da kake gani a Jos da Bukuru yawancinsu tsoffin ramukan kuza ne da ruwa ya cika, bakinsu a tsaye yake kuma suna da zurfi sosai, sun ci rayuka da dama, babu wanka babu wasa a gefe.

Riyom da Assop kuwa cire su daga wannan ranar. Dukkansu a hanyar Akwanga zuwa Abuja suke, dutsen Riyom kamar kilomita 25 daga gari, Assop kuma ta wuce kilomita 60, can wajen Hawan Kibo, zuwa da dawowa kaɗai ya cinye muku yammacin, ga shi a Disamba ruwan ya ja baya ba kamar damina ba, kuma sauka wajensa kan duwatsu ne da ƙafar da ta riga ta gaji. In kana da rabin yini washegari to Riyom ta isa a je a dawo kafin azahar. Tsarabar madam kuma Farin Gada, kabeji, karas, latas, koren wake, da sassafe aka fi samun masu kyau, kuma a hanyarku ta fita take in ta Zariya Rod zaku bi.

Ku shiga gida kafin magariba, sanyi yana saukowa da wuri. Da dare ka ci abinci mai nama ko wake ko ƙwai, ka sha ruwa sosai, ka kwanta da wuri. In son samu ne kar ka kama hanyar Kano washegari da asuba, tafiyar kusan kilomita 300 ce ta Jengre da Saminaka da dajin Falgore, ka bari rana ta fito, kuma duk bayan awa ɗaya da rabi ka samu gari ka faka ka sauko ka ɗan taka minti biyar, dan ƙafar da ta yi gangara jiya in ta daɗe a kan totur da birki tana iya riƙewa.